Mai Riƙe Akushi

A wani gari can da, shan zaƙami mai gusar da hankali ya addabi samari. Sai dagaci ya kafa doka, duk mashayi a ware masa akushi, kowa ya guje shi.

Wani manomi yana da ƙane mashayi. Da aka kawo tuwo manomin ya ce masa, "Wanke hannu, zo mu ci."

"Yaya, za a ƙaurace maka fa."

"Wanke hannu, zo mu ci."

A al'ada ƙarami ke riƙe akushi in ana cin tuwo, amma hannun ƙanen sai rawa yake, sai wan ya riƙe. Kullum haka, har maƙwabta suka daina gai da wan.

Ran nan ƙanen ya kama akushin gam, ba rawa. Ya ce, "Na rabu da zaƙami. Saki, Yaya, yau ni zan riƙe."