Dutsen da Darrell Ya Yi Weji da Shi

Kwana goma Darrell ya yi yana jan gidansu mai taya a bayan mota kafin su iso garinmu. Ban san me ya zo gani ba. Jar ƙura ce, sai jiragen ƙasa masu juye dutsen ƙarfe a jiragen ruwa. Amma shi mutum ne da ba a gaya masa. Wejin da yake tokare tayar gidan da shi ya faɗi a hanya, matarsa Noelene ta ce ya sayi wani, ya ce ina, ga duwatsu kyauta. A bakin wani tsohon ramin haƙar ma'adinai ya tsinci jan dutse mai santsi, da shi ya tokare taya a masauki.

Magariba ta yi, iska ta tsaya cak. Suna gasa nama sai tsakuwa ta sauka a rufi. Can sai wata. Darrell ya zagaya yana zagin 'ya'yan mutane, bai ga kowa ba. Da ya dawo, ya tarar da 'yarsu Tamsin durƙushe a gaban taya, tana tonon ƙasa da farce har jini.

Kwana uku yarinya ba ci, ba magana. Likita ya ce zafin rana ne. Takaici ya ishi Noelene, ta je ta ɗauko Goggo Winnie, tsohuwa daga mutanen da suka riga kowa zama a ƙasar nan.

Goggo ta turara ganye, ta daɗe tana kallon tayar.

"Kai yaro, wa ka tambaya kafin ka ɗauko wannan?"

"Dutse ne fa, Goggo."

"Dutse ne, a bakinka."

Tamsin ta ɗago kai. Muryar tsoho ce ta fito daga bakinta, a gajiye.

"Tsauni guda nake da shi, kun kwashe shi cokali-cokali. Wannan kaɗai ya rage mini, shi ma an danna mini taya. Tunda ba ni da gida, na zauna a yarinya."

"Za a mayar da kai," in ji Goggo.

"Ina? Cikin rami?"

Abin ya ba Goggo haushi.

"To, me kake so ka sake ta?"

"Ku sa ni inda sauran tsaunin ya tafi."

Darrell ya zare dutsen, ya hau gadar da jirgin ƙasa ke bi ta ƙarƙashinta, ya sake shi cikin taragon dutsen ƙarfe mai zuwa tashar jiragen ruwa. Bai sauko ba sai da Noelene ta kira shi tana kuka, wai Tamsin ta nemi ruwa.

Washegari ya ɗaura sabon weji a mota, ya ce hutu ya ƙare, sai gida. Tamsin tana kallon jirgin ruwan da ke barin tasha ɗauke da dutsen ƙarfe.

"Mu dai muna da inda za mu koma, Baba."