Garin Ƙarfe da Farar Wuta

Ranar da Malam Shu'aibu ya fara zuwa maƙerar Maikuɗi a Yelwa, Kulu 'yar Maikuɗi ce a kan zuga-zugi, tunda Allah bai ba mahaifinta ɗa namiji ba. Ta ɗago kai ta ga dogon saurayi da farar riga tas, ya durƙusa cikin toka yana roƙon garin ƙarfen da magagari ke zubarwa.

"Malam, miya za ka yi da shi?"

"Darasin kimiyya zan yi ma yara. In kin ara min wutarki, sai in gwada maki."

Ya kwance ƙullin farar wuta da ya sayo a kasuwa. "Ƙarfe shi kaɗai na, ko kin shekara kina dakan shi, ƙarfe za ki iske. Farar wuta ma haka. Irinsu muke ce ma elemen."

Ya gauraya su a tafin hannu, ya matso da mayen ƙarfe. Garin ya yi tsalle ya manne, ya bar farar wuta ita kaɗai.

"Wanga zaman tare na kawai. To, zuga."

Ta zuga. Haɗin ya yi jawur a murfin gwangwani, ya huce ya zama baƙin dunƙule. Mayen ƙarfe ya yi juyin duniya, ko gezau.

"Yanzu sun koma abu guda, sabo, mai halin kanshi. Shi na kamfawun."

Kulu dai rabin hankalinta ba a kan gwangwani yake ba. Ba ta taɓa ganin wanda ilimi ke haskaka wa fuska haka ba, kuma a nan take ta ji ya kwanta mata.

Daga ranar, garin ƙarfe ya riƙa ƙare wa Malam da saurin da ya ba kowa mamaki. Yana ce mata Farar Wutata, tana rufe fuska tana ce masa Ƙarfena.

Da maganar aure ta taso, Maikuɗi ya ce atafau. Wani ma'aikaci ya taɓa auren babbar 'yarsa Binta, aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi, har yau Binta na gida da goyo. Maikuɗi ya ɗaga wa Kulu mayen ƙarfen da Malam ya bari.

"Kin ga wanga? Sakkwato ke nan. Kowane ma'aikaci garin ƙarfe na, ran da tak kira sai ya bi."

Kulu ta ɗauko baƙin dunƙulen da ta ɓoye. "Baba, wanga fa?"

"Wanga ya shiga wuta. Malamin naki wace wuta ya shiga?"

Ba a jima ba kuwa Sakkwato ta kira, da ƙarin girma da kujera a ma'aikatar ilimi. Basiru mai jirgin inji, wanda ya daɗe yana son Kulu, shi ya kawo labari har gida, wai da idonsa ya ga Malam ya hau mota a tasha.

Kulu ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi mata ciwo shi ne ganin Baba ya karɓi zugar da kansa.

Ran kasuwa wani kwalekwale ya biyo ruwa daga Shanga, shaƙe da tukwane da turmi da awaki. A tsakiya wata tsohuwa ce zaune, Shu'aibu na tare mata rana da laima. Bai tsaya ko'ina ba sai maƙera.

"Baba, na je Sakkwato na ce su ba wani kujerar, ni aji ya ishe ni. Ga Inna na ɗauko, nan za mu zauna."

Ya waiwayi Kulu ya yi ƙasa da murya. "Farar Wutata, har kin yarda na gudu?"

"Kai ma ba ka yi sallama ba, Ƙarfena."

Maikuɗi ya dubi tsohuwar, ya dubi awakin. Sannan ya ɗauko mayen ƙarfe ya ɗora a ƙirjin Shu'aibu, ya ja baya a hankali, fuska ba wasa.

"Bai biyo ba," ya ce. "Kulu, kawo ma Innarki tabarma."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Cikin kwanonin jeren amarya har da baƙin dunƙulen nan, Maikuɗi ne ya sa shi da hannunsa, yana cewa Allah Ya haɗa su haɗin da ba mai raba shi. Binta ce ta fi kowa ɗaga murya wajen amin.