Audugar Ashirin

Gab da magariba na fita daga ɗakin tiyata in karɓo jini. Shekarar da gwamnatin soja ta gina mana sabon ɓangare ke nan, kaya sababbi fil, amma nas ɗinmu ba su iya cewa a'a ba. Bara wata marar lafiya, Iyatu, ta mutu da audugar tiyata a cikinta, don babu wadda ta iya buɗe baki ta ce lissafin bai cika ba. Ni ce sista mai kula da su, kuma ban huce ba.

Na bar Likita Junaidu yana gama fiɗar Atika, matar wani manomi, an ciro jaririnta lafiya. Rahila, sabuwar nas, ita ke ƙirga auduga. Ashirin muka buɗe. Ashirin za su fito kafin a ɗinke.

Ina dawowa aka ɗauke wuta. Janareta ya yi tari ya kama. Barandar na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabonmu da ruwa wata huɗu.

Sai na ji muryata daga ciki.

"Sun cika. A rufe."

Na leƙa ta gilashin ƙofa. Ga ni can tsaye bayan Rahila, da hulata da takunkumina.

Na tura ƙofa. Ko motsi.

Likita ya ɗauki allura.

"Sha tara na gani, Sista," in ji Rahila a hankali.

"Ke! Ni za ki ƙaryata?" in ji mai kamannin nawa.

Tsoro ya kama ni, amma haushi ya fi shi. Da bakina za a kashe matar mutane? Na buga gilashin, babu wanda ya waiwaya.

Rahila ta koma kan audugar. Ta sake ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ki yi haƙuri, Sista. Sai na gani da idona."

Likita ya yi tsaki, ya mayar da hannu cikin Atika. Ya laluba.

Ya zaro auduga ta ashirin, jajawur.

Abin da ya ari kamannina ya juyo ya dube ni. Saman takunkumin babu idanu.

Ƙofa ta buɗe, na faɗi ciki, na suma.

Atika ta koma gida da ɗanta. Tun daga ranar, duk nas da aka turo mini, da gangan nake faɗa mata lissafin ƙarya. Wadda ta ce "To, Sista," ba ta taɓa mini marar lafiya sai ta koyi musu. Suna cewa na cika faɗa. Su yi ta faɗi. Ban san ranar da abin nan zai sake aron muryata ba.