Takardar Rajista da Fanken Marit

A garinmu akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da kirki, amma akwai ta da gaggawa. Sunan gidansu Veenstra. Babanta yana sayar da cuku, sunan shagon ma Veenstra.

Wata rana takarda ta zo daga ofishin rajista. Baba ya rataye ta a bango yana murmushi.

Ya ce, "Sunan shagonmu ya shiga rajista. Yanzu ba mai manna shi a kan cukunsa."

Yarinyar ta ji farkon maganar, ta fice da gudu. Ƙarshen ko oho.

Ranar Sarki ta zo, wato ranar bikin sarkin ƙasarmu. Kowa ya sa kaya masu launin ruwan lemo, kamar yadda aka saba. Yara suka shimfiɗa barguna a bakin titi, kowa da abin sayarwarsa.

Yarinyar ma ta shimfiɗa nata. Kusa da ita aminiyarta ce, Marit. Su ma Veenstra ne, amma ba dangi ba ne. Marit da kakarta suna toya fanke. A gabansu ga kwali mai zanen furanni, an rubuta: FANKEN VEENSTRA.

Yarinyar ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Ke Marit, cire wannan!"

"Don me?"

"Sunanmu ne. Babana ya yi masa rajista."

"To ai ni ma sunana ne! Ko na aro ne a gidanku?"

Yarinyar ta fizge kwalin, ta yaga shi biyu. Kwana biyu fa Marit ta yi tana zana shi.

Idanun Marit suka cika da hawaye. Ta ce, "Daga yau ba ni, ba ke."

Yara suka daina zuwa bargon yarinyar. Ta zauna ita kaɗai, zuciyarta duk ba daɗi.

Can sai ga Baba a kan keke. Ta ba shi labari, tana jiran yabo. Baba ya dafe kai.

"Haba 'yata! Wa ya aike ki? Rajistar nan ta cuku ce. Don kada wani ya sayar da nasa, mutane su ɗauka namu ne."

"Amma ka ce sunanmu ne."

"Na shago na ce. Mai gyaran kekena Veenstra ne. Likitar haƙoranki ma Veenstra ce. Duk za ki bi su ki yaga musu allo?"

Kunya ta kama ta. Ta ce a hankali, "Baba, Marit ta ce ta bar ni."

"To ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Ta samo sabon kwali. Ta rubuta sunan da manyan haruffa, ta zana furanni iya ƙoƙarinta. Sannan ta kai wa Marit.

"Ki yafe mini. Sunanki ne, kamar yadda yake nawa."

Marit ta daɗe tana kallon kwalin.

"Waɗannan furanni ne ko kabeji?"

Kaka ta fashe da dariya. Marit ma ta kasa daurewa. Ta matsa mata wuri a kan bargo, ta miƙa mata fanke mai zafi.

Daga ranar yarinyar ta koyi jin magana har ƙarshe kafin ta yanke hukunci. Ta kuma gane cewa kare naka ba ya nufin ƙwace na wani.