Wayoyin da Mamduh Bai Sa wa Alama Ba

Ran da Mamduh ya fara zuwa gidan ƙyanƙyasar Haj Abdul-Ati da ke garin Birma kusa da Tanta, ruwa ake yi tun safe, irin mai siririn nan da ke sa mutum kewar abin da bai ma sani ba. Rabab, 'yar Haj ɗin tilo, ita ta buɗe masa ƙofa. Ta ga dogon saurayi a jiƙe, ya cusa wani ɗan kwali cikin rigarsa kamar mai ɓoye jariri.

"Kai ne injiniyan da aka turo daga Tanta?"

"Ni ne abin da ruwa ya rage," in ji shi.

Ba ta yi niyyar dariya ba, don ta kwana biyu ba ta yi ba. Shekara arba'in mahaifinta ya yi yana ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan ƙasa kamar kakanninsa, yana ɗora ƙwai a kan fatar idonsa ya faɗi zafinsa. Hayaƙi da zafi suka cinye masa ƙirji, likita ya hana shi shiga. Ita ta matsa aka sayo tsofaffin injinan ƙyanƙyasa guda takwas, sai ga shi 'yan allunan da ke nuna zafi a jikinsu duk sun dushe. Dole a jawo waya daga kowane inji zuwa kwamfutar ofis, ita kuwa kwamfutar kafa ɗaya tal gare ta ta irin wannan wayar.

Mamduh ya zare wutar kwamfutar, ya kwance murfinta, ya taɓa ƙarfen jikinta kafin ya buɗe kwalin. Kati ne kore, bai fi tafin hannu ba. Ya saita shi a gurbin da babu komai, ya danna da manyan yatsunsa har ya zauna, ya ɗaure da noti. A bayansa ya jona wata waya mai kauri wadda ta rabu gida takwas.

"Wannan abu mai wutsiya takwas shi zai maye gurbin idon Baba?"

"Babu abin da zai maye gurbinsa. Hutar da shi kawai zai yi."

Wannan amsa ce ta fara shiga ranta. Ya sa faifai, kwamfutar ta gane katin, kafofi takwas suka jeru a allo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana daidaita musu sauri. Daga nan ya hau laluben aljihu, ya rasa abin da yake nema.

"Ko za ki ara mini fil ɗin mayafinki?"

Ta harare shi, amma ta ciro ɗaya. Ya lanƙwasa shi, ya haɗa haƙori na biyu da na uku a bakin wutsiyar farko.

"Idan kafar lafiya take, abin da aka aika zai dawo. Me zan rubuta?"

"Abin da ka ga dama."

Ya rubuta sunanta, ya dawo a allo. Sau takwas ya rubuta, sau takwas ya dawo, ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta.

Wayoyin injinan duk toka-toka ne, ta rami ɗaya suka shigo ofis. Ya gwada kowacce har ya gane injinta, ya jona ta inda ya dace. Da ya gama, ya dubi wayoyin, ya dube ta.

"Saura in manna musu lamba. Takardun mannawar sun ƙare mini, sai na dawo."

Bai mayar mata da fil ɗin ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Kafin sati ya zagayo saƙonni sun fara kai da kawo.

"'Yar tsako, yaya zafin gidan yau?"

"Talatin da bakwai da ɗigo bakwai, Mai wutsiya takwas. Yaushe za ka zo manna lambar?"

"Ina tsoron in manna, a ce aikina ya ƙare."

Ta yi murmushi ta rungume wayar. Da ta san abin da ke cikin wannan wasa, da kuka ta yi.

Bayan wata guda ya zo neman aurenta da kawunsa da kwalin alewar Tanta. Rabab na bayan labule tana jin komai. Haj ya bari suka sha shayi, sannan ya miƙa wa Mamduh ƙwai biyu.

"Wanne ne mai rai, injiniya?"

Mamduh ya juya su, ya ce bai sani ba.

"To ka gani. Sana'ar nan ba ta taɓa fita daga jininmu ba. 'Ya ɗaya gare ni, duk wanda ya aure ta shi zai gaji gidan nan. Ga Ragab ɗan ƙanena, a cikin ƙwai ya buɗe ido. Ba zan tilasta mata shi ba, amma kai kam ban ba ka ba. Kada ka ƙara tako mini gida."

"Haj, akwai ɗan aikin da ban ƙarasa ba a ofis."

"Abin yana aiki, ya isa."

Rabab ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ragab kuwa, wanda ke da shagon gyaran waya a bakin tasha, sai ya tsiri zuwa kullum yana nuna shi ma ya san kan kwamfuta. Ba mugu ba ne, rawar kai ce ta yi masa yawa.

Ranar da ƙwan suka cika kwana goma sha bakwai, Haj ya tafi asibiti a Tanta. Da hantsi layin inji na biyu ya koma ja a allo, zafi yana hawa. Rabab ta ruga ta kashe masa wuta, ta buɗe kafofin iska. Ta dawo ofis, lambar ta kai arba'in. Ta koma ta wangale ƙofar injin gaba ɗaya, ta dawo, arba'in da ɗaya. Ta kira Mamduh sau bakwai, waya a kashe. Ta ɗauki ƙwai ta ɗora a idonta yadda take ganin Baba yana yi, ba ta ji komai ba sai ɗumi, don ba a taɓa koya mata ba.

Da la'asar Haj ya dawo. Bai ko kalli allo ba, ya bi injinan yana shafa su, a na shida ya tsaya cak. Ya buɗe, ya ɗora ƙwai a idonsa, ya sauke shi a hankali kamar mai sauke gawa.

"Fankar wannan ce ta mutu. Sun dahu. Na biyu kuma kin kashe su da sanyi."

Ƙwai dubu goma, saura kwana huɗu su fito. Wasu da aka fasa har da gashinsu da ɗan bakinsu. Rabab ce ta tura su a baro zuwa ramin bayan gida, tana tafe tana amai.

"Ga aikin injiniyanki," in ji Haj.

Ta rubuta wa Mamduh: "Allonka ya ce biyu, ashe shida ne. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Ka sa na kashe su da hannuna. Kada ka amsa mini."

Amsar ta zo duk da haka: "Lokacin ina aiki a cikin wata masaƙa, a bakin ƙofa ake karɓe waya. Wallahi daidai na jona su. Ki bar ni in zo in gani."

Ba ta mayar ba. Abin da ya fi asarar ciwo shi ne, daga ranar Haj ya daina yarda da allo. Sau uku a wuni yake shiga cikin zafi da ƙurar gashin 'yan tsaki, yana bin inji takwas da idonsa, ya fito yana tari har sai ya dafa bango. Ran kwana na biyar ta ga jini a hankicinsa. Ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta zuba wa kwamfutar ido cike da tsana. A nan ne ta lura bayanta fes yake, babu ko ɗigon farin gashin nan da ke lulluɓe komai a gidan.

Ta sami Ragab a tsakar gida.

"Yaya Ragab, wa ya share kwamfutar nan?"

"Ni mana. Ta toshe da gashi, na ciro ta na hure ta. Laifi ne?"

"Ka cire wayoyin?"

"To da su zan ɗauke ta? Na mayar da su tsaf, duka takwas suka kawo lamba." Fuskarsa ta fara sauyawa. "Ai duk iri ɗaya ne, Rabab. Ko ba iri ɗaya ba ne?"

Ta zauna a ƙasa. Duk injinan a zafi ɗaya suke zama, shi ya sa babu wanda ya gane an musanya su sai ran da ɗaya ya lalace. Ta rubuta wa Mamduh kalma biyu: "Ka zo."

Mamduh ya iso da azahar, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Haj na kan benci, Ragab na tsaye kansa a ƙasa, ya riga ya faɗi abin da ya yi.

"To injiniya, an wanke ka," in ji Haj. "Sai ka yi murna."

"Ba a wanke ni ba, Haj. Laifina ya fi nasa. Duk mai wannan aiki ya san ba a barin waya babu alama. Takardun suna cikin jakata ran nan, ƙarya na yi na ce sun ƙare."

"Don me?"

"Don in sami dalilin dawowa."

Rabab ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Haushi da kunya da so suka cakuɗe mata, ta rasa wanda za ta fara ji. Haj ya daɗe yana kallonsa.

"Ƙwai dubu goma don ka ga 'yata."

"Haka ne, Haj. Ba auren na zo roƙo ba. Ka bar ni in gyara, ka daina shiga zafin nan."

Haj ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya nuna ofis da sandarsa.

Mamduh ya ba Rabab takardun. Shi sai ya je wurin injinan ya cire wayar inji ɗaya, ita ta faɗi layin da ya mutu a allo, ya dawo ya jona ta a wutsiyarta, ta manna lamba a baki biyun. Ragab ya riƙe musu fitila a bayan tebur. Da aka gama, Haj ya ce shi bai yarda ba sai ya gwada. Aka riƙa fito masa da ƙwai ɗaya daga kowane inji zuwa bencinsa, yana ɗorawa a idonsa ya faɗi abin da ya ji.

"Wannan daidai."

"Talatin da bakwai da ɗigo bakwai, Haj," Mamduh ya amsa daga gaban allo.

"Wannan ya ɗan yi sanyi, na kusa da ƙofa ne."

"Da ɗigo biyar."

Har takwas ba su saɓa ba. Haj ya jingina da bango, ya ce, "Ashe abin naka ba ya ƙarya, mutane ne ke sa shi."

Mamduh ya ɗauki ƙwai ɗaya ya durƙusa. "Ka koya mini, Haj. Ita ma ka koya mata. Da ta iya, da ta gane tun farko."

Maganar ta soki dattijon, Rabab ta gani a fuskarsa. Washegari ya sa aka ajiye kujeru biyu a gaban bencin. Kwana ashirin da ɗaya Mamduh yana hawo mota daga Tanta, yana ƙona fatar idonsa yana shan baƙar magana. Rabab ta riga shi iyawa, Haj ya yi ta yi masa gori.

Ta rubuta masa: "Ban yafe maka duka ba, Mai wutsiya takwas."

"Na sani, 'yar tsako. Ki yafe rabi, sauran zan nema har in tsufa."

An ɗaura auren da bazara a tsakar gida, don Haj ba ya iya kaiwa masallaci. Babu kiɗa mai yawa. Ragab ne ya jera kujeru, ya raba lemo, kukan sababbin 'yan tsaki yana tasowa daga ciki. Ango ya zo da lanƙwasasshen fil a maƙale a aljihun kwat ɗinsa, Rabab ta gani ta kau da kai tana hawaye.

Da aka shafa fatiha, Haj ya kira su kusa. Muryarsa ta kusa ƙarewa, kowa ya san ba zai ga wata bazarar ba. Ya kamo hannun Mamduh, ya ɗora bayansa a kan fatar idonsa, ya yi shiru yadda yake yi wa ƙwai.

"Mai rai ne," ya ce. "Riƙe shi, Rabab, kada ki bari ya huce. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya abin da za ku ƙyanƙyashe."

Jama'a suka amsa da amin. Rabab ta karɓi hannun, ta ji danshin hawayen mahaifinta a kansa.