Ɗan Kunnen Lamba Goma Sha Huɗu

Da ƙarfe huɗu na yamma, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, manajan otel ya tarar da gurbi a kabad ɗin gilashin da ke zaure. Warin ɗan kunnen zinariya ya yi ɓatan dabo.

Otel ɗin yana tsibirin Saint-Louis. Da can gidan sistocin coci ne, masu renon jariran da ake yarwa a ƙofarsu. Da sistocin suka ƙare, wani mai hali ya sayi gidan, ya sa wa ɗakuna na'urar sanyi, ya mai da cocin ɗakin cin abinci. 'Yan abubuwan da uwaye suka bari a jikin jarirai, laya ce, tsumma ne, zobe ne, ya jera su a gilashi kowanne da lambarsa, don baƙi su ba ido abinci kafin a kawo musu kifi.

Sufeto Massamba Thioub ya shigo rigarsa sharkaf. Bai taɓa son gidan nan ba, ko da rana baƙin ciki yake sa shi.

"Kada ka wahalar da kanka, Sufeto," in ji manaja Lemoine. "Makulli biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya wajen Yacine mai shara. Ka tafi da ita kawai."

Yacine Gaye tana tsaye da tsumman goge-goge. Shekara goma sha ɗaya tana aiki a nan. In aka fita da ita a motar 'yan sanda, ba mai sake ba ta ko wanki a tsibirin.

"Yaushe kika buɗe kabad ɗin?" Thioub ya tambaye ta.

"Ranar Talata, ranka ya daɗe. Talata-Talata nake gogewa."

"Yau da rana fa?"

"Ina sama, ina shimfiɗa. Wallahi ni ko hudar kunnena ta toshe."

Thioub ya duba kwaɗon, babu ko ƙwarzane. Kusa da gurbin ga kofin coci na zinariya nan daram, ya ninka ɗan kunnen daraja sau hamsin.

Baƙi biyu ne ba su fita ba saboda ruwa. Na farko Daouda Kébé, dillalin kayan tarihi daga Dakar, wanda ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Sufeto, kada ka zage ni mana. In bar kofi in ɗauki wari? Wa zan sayar wa, mai kunne ɗaya?"

Thioub ya yarda da shi. Ta biyu tsohuwa ce daga Marseille, Madam Honorine Carvalho, mai ɗaki mafi tsada.

"Kin taɓa zuwa garin nan, Madam?"

"Wannan ne zuwana na farko, ɗana."

Ya koma gaban kabad ya tsaya. Cikin bango aka gina shi, bangon kuma mai kauri ne. Ya zagaya ta baya, wani lungu da aka rataye wa labule. A bayan labulen ya ga ƙaramar taga ta katako da sakata, an shafe ta da fenti, fentin ya tsage sabo. Ya ja sakatar, sai ga hannunsa cikin kabad.

Manaja ya saki baki. Shekara tara a gidan bai san da ita ba. Yacine ma haka.

Thioub ya ce a tara kowa a ɗakin cin abinci, ya zauna can gefe yana kallon masu shigowa. Kébé ya wuce kai tsaye. Madam Honorine ta zo tana dogara sanda. Da ta kai tsakiyar ɗakin, daidai saitin kantar da aka jera kwalaben giya, gwiwarta ta dama ta ɗan lanƙwashe, kanta ya sunkuya. Ita kanta ba ta san ta yi ba.

Ya tashi ya ja mata kujera.

"Madam, makarantar mishan na yi. Na san inda ake russunawa. Amma ba wanda zai russuna wa kwalabe sai wanda ya san da can bagadin coci ne a wurin."

Ta zauna, shi kuma ya ci gaba.

"Ɓarawo ya bar kofi, don haka ba arziki yake nema ba. Bai taɓa kwaɗo ba, don haka ba mai makulli ba ne. Ya san tagar da masu gidan ba su sani ba."

"Ta nan ake miƙo mana kunu," ta ce a hankali. "Shekara goma sha shida ina karɓa."

Ta kwance bakin hankicinta, ga ɗan kunnen.

"A zanen da aka naɗe ni aka same shi. Ranar da zan bar gidan na roƙa, Babbar Sista ta ce ya ɓace. Jiya na gan shi, wasu baƙi suna ɗaukarsa hoto suna cin gyaɗa."

"Kin ji ana cewa za a kama Yacine, kika yi shiru," in ji Thioub.

Tsohuwar ta dubi Yacine, idonta ya kawo ruwa. "Na ji. Wannan kam laifina ne. Ki yafe mini, 'yata."

Yacine ta juya ta fita da tsummanta. Thioub bai ga laifinta ba.

Manaja ya yi gyaran murya. Ba ya son surutu da baƙuwa mai babban ɗaki, amma kaya kayan otel ne. Ya miƙa hannu.

"Zancen ya mutu a nan, Madam. A mayar da shi gurbinsa kawai, lamba goma sha huɗu."

Doka tana bayansa, Thioub ya sani, kuma abin ya yi masa ɗaci. Tsohuwar ta ajiye ɗan kunnen a tafin manaja, ta daɗe ba ta janye yatsunta ba.

"Ba lambar ɗan kunne ba ce, ɗana," ta ce. "Tawa ce. Ita aka ɗinka a rigunana."

Washegari ta bar otel ɗin, saura kwana huɗu a cikin waɗanda ta kama. Manaja ya sa aka buga wa tagar ƙusa.