Shanyar Baba Grema

"Da hannunka ka danne shi, Sadiq. Ubana fa..."

"Bintuna, ya fizge allurar ƙarin ruwa, jini na zuba. Ya kike so in yi?"

Bintu ta jingina da bangon asibitin, ta rufe ido. Gajiya ta riga ta cinye mata ko ƙarfin yin fushi.

Mahaifinta, Baba Grema, manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu kafin rashin tsaro ya koro su cikin Diffa. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, da safe sai ya juya fuska bango, ko kunu sai da lallashi, magana kuwa babu. Amma rana na karkatawa sai ya zama wani mutum. Ya hau laluben takalmi, yana faɗa a bar shi ya kwashe shanyar tattasai kafin duhu. Likita ya ce haka wasu tsofaffi ke rikicewa da yamma, balle a wurin da ba su saba ba.

Ga Sadiq mai neman aurenta, malamin makaranta ɗan Damagaram, an canja masa wurin aiki zuwa Tawa. Baffanta Kyari kuma ya kafe: ba mai ba da 'yar Grema, Grema na numfashi, sai ya faɗa da bakinsa.

"Ƙarshen wata zan tafi," in ji Sadiq a hankali. "Magabatana sun gaji da zarya. Da safe ba ya magana, da yamma ba ya gane kowa. Yaushe za a tambaye shi?"

"To ka tafi mana..."

"Haka kika ce?"

"Na gaji, Sadiq. Wallahi ina son ka, amma na gaji."

Washegari da la'asar Baffa Kyari ya zo dubiya, daidai lokacin da abin ya motsa. Baba Grema ya ture Bintu, yana kiran ta mai gadin kurkuku. Tana riƙe da rigarsa tana hawaye sai ga Sadiq da buhu a kafaɗa, yana haki. Ya roƙi izinin majo, shugaban masu jinya, ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya zazzage jan tattasai busasshe.

Ƙanshin ya cika wurin. Tsohon ya tsaya cak.

"Wa ya bar shanya har yanzu?"

"Ni ne, Baba. A taimaka mini."

Suka zaunar da shi a bakin tabarma. Hannun tsohon ya nutsu cikin tattasai. Sadiq kuwa, mutumin da alli kawai ya sani, ya hau damƙa kamar mai kwasar tsakuwa, ga atishawa ba ƙaƙƙautawa.

"Kai, ba haka ba! Karya shi kake. Tafi biyu ake sawa."

"To, Baba."

"Ware mai baƙin nan, zai ɓata buhu."

"To, Baba."

Har aka kira magariba Baba Grema bai nemi takalmi ba. Ya ɗago, ya dubi Bintu da fara'ar da ta daɗe ba ta gani ba.

"Baiwar Allah, yaron nan ɗan wa ne? Bai iya komai ba, amma yana jure faɗa. Da Allah ya ba ni 'ya mace, shi zan ba."

Baffa Kyari ya daɗe yana kallon yayansa. Ya goge ido da bakin rawani.

"Na ji da kunnena, Sadiq. Turo magabatanka."

Maganar da Bintu ta yi ta roƙon Allah a kanta ce, ga ta ta samu, amma zuciyarta kamar an tsaga. Ta durƙusa ta buɗe wa mahaifinta bakin buhu, hawaye na ɗiga a hannunta.

"Baba, ni ce Bintu..."

"Allah ya yi miki albarka, Bintu," ya ce, yana zuba tattasai. "Iyayenki sun yi dace."